Curtis Mayfield da Kundin 1970: Abin da Murya Ɗaya ta Faɗa Bayan Barin Ƙungiya

A watan Satumba na 1970 ne Curtis Mayfield, mawaƙin birnin Shikago wanda ya shafe fiye da shekara goma a cikin ƙungiyar The Impressions, ya fitar da kundin waƙoƙinsa na farko shi kaɗai, ya kuma raɗa wa kundin sunansa na yanka, wato Curtis. Salon da yake waƙa da shi shi ne soul, kiɗan da Baƙar Fatar Amurka suka samar ta hanyar ɗauko zubin waƙoƙin coci, tare da tsarin jagora da 'yan amshi da ke cikinsu, suka ɗora shi a kan lamuran duniya kamar soyayya da talauci da neman 'yanci. An haifi Mayfield a 1942, ya tashi a Cabrini-Green, rukunin gidajen da gwamnati ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma a cocin kakarsa ya fara waƙa, saboda haka wannan gado bai zo masa ta hanyar aro ba.

Kafin a gane nauyin kundin sai an san irin waƙar da ƙungiyar take yi. Mutum uku ne, Mayfield da Fred Cash da Sam Gooden, suna haɗa muryoyinsu cikin taushi a waƙoƙin da ba su cika wuce minti uku ba, domin tsawon da gidajen rediyo ke karɓa ke nan a lokacin. Da wannan zubi suka rera waƙoƙin da suka raka gwagwarmayar neman 'yancin Baƙar Fata, irin su People Get Ready ta 1965, wadda tasirinta ya kai Jamaika har Bob Marley ya saƙa ta cikin wata waƙarsa. Saƙon waɗannan waƙoƙi haƙuri ne da juriya da kyakkyawan zato, kuma muryoyi uku da suka daidaita da juna sun dace da irin wannan albishir, tun da jituwar da mai sauraro ke ji a kunnensa ita kanta hujja ce cewa haɗin kai abu ne mai yiwuwa.

Zuwa 1970 wannan zato ya sha duka. An kashe jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, a watan Afrilu na 1968, tarzoma ta ƙone unguwannin Baƙar Fata na yammacin Shikago, sannan a Disamba na 1969 'yan sanda suka harbe Fred Hampton, matashin jagoran jam'iyyar Black Panther, a gidansa a birnin, alhali yaƙin Biyetnam yana ta cin 'ya'yan talakawa. Mawaƙin da ke son faɗar gaskiyar wannan hali yana bukatar fili fiye da minti uku, da kuma 'yancin yin magana mai ɗaci ba tare da ya jawo wa abokan aikinsa fushin masu rediyo ba, fushin da ƙungiyar ta riga ta ɗanɗana lokacin da wasu tashoshi suka ƙi sa waƙarta We're a Winner.

Waƙoƙi takwas ne a kundin, kuma ta farkonsu, mai tsawon kusan minti takwas, gargaɗi ce ga kowa da kowa, baƙi da fari, 'yan siyasa da 'yan sanda, cewa idan al'umma ta ci gaba da tafiya a haka babu wanda zai tsira. Kiɗan ya karkata zuwa funk, wato salon da ke fifita bugun ganga da amon jita mai kauri a kan zaƙin karin waƙa, an kuma haɗa da kayan busa da gogen Turawa da gangunan konga na Henry Gibson, waɗanda ake kaɗawa da tafin hannu. A saman wannan hayaniya duka muryar Mayfield ta kasance yadda take, siririya, a can ƙololuwar maƙogwaro, ba ta cika tsawa ba. A nan ƙarfin kundin yake, domin kalma mai zafi da aka faɗa a hankali ta fi wadda aka yi ihunta shiga zuciya. Akwai kuma waƙar da ya fuskanci mutanensa da kansu, yana tsawatar musu a kan rarrabuwa saboda bambancin hasken fata da kuma kashe juna, abin da ke bukatar ƙarfin hali fiye da sukar abokin gaba. Bai watsar da fata ba duk da haka: Move On Up, mai kusan minti tara, kira ce ga matashi ya ɗaga kai ya ci gaba, kuma rabinta na ƙarshe kiɗa ne zalla inda aka saki makaɗa suka baje kolinsu.

Abin da ake yawan mantawa shi ne cewa mallaka ce ta ba da damar wannan duka. Tun yana saurayi Mayfield ya dage sai ya riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙin da ya rubuta, wato ikon karɓar kuɗi duk lokacin da aka buga su ko aka sa su a rediyo, a zamanin da akasarin mawaƙa Baƙar Fata ke sarayar da wannan haƙƙi ga kamfanoni a kan kuɗi kaɗan. A 1968 shi da Eddie Thomas suka kafa kamfanin faifai na Curtom, kuma a ƙarƙashinsa kundin ya fito, Mayfield ne marubuci, shi ne mai tsara aikin, shi ne kuma mai kamfanin, don haka babu wanda zai umarce shi ya gajarta waƙa ko ya sassauta harshe. Mawaƙi Marvin Gaye, wanda ba shi da irin wannan iko a kamfanin Motown, sai da ya yi ja-in-ja da mai kamfanin, Berry Gordy, kafin kundinsa What's Going On ya ga hasken rana a 1971.

Rabuwar Mayfield da The Impressions ba ta zo da gaba ba, domin Leroy Hutson ya maye gurbinsa, ƙungiyar ta ci gaba da zama a Curtom, shi kuma ya ci gaba da rubuta mata waƙoƙi. Kundin ya hau matsayi na ɗaya a jerin mujallar Billboard na kiɗan soul, ya kai na 19 a jerin gama-gari, yayin da Move On Up, da aka gajarta ta, ta sami karɓuwa a Ingila a 1971 fiye da yadda ta samu a gida. Shekara biyu bayan fitowar kundin, Mayfield ya yi amfani da wannan 'yanci a waƙoƙin fim ɗin Super Fly, inda fim ɗin ke ƙawata rayuwar dillalin hodar iblis, waƙoƙin kuwa suna lissafa ɓarnar da sana'ar ke yi wa unguwannin da shi kansa ya tashi a cikinsu.