Idan Maɓallan Tsohon Akwatin Wasa Suka Ƙi Amsawa

Duk wanda ya yi ƙuruciya a manyan garuruwa a shekarun 1980 da 1990 ya san dogon akwatin katakon nan mai gilashin talabijin a ciki, wanda ake jefa wa kuɗi a yi wasa a tsaye. A cikinsa aka san Space Invaders na kamfanin Taito wanda ya fito a 1978, da Pac-Man na Namco a 1980, da Street Fighter II na Capcom a 1991, dukkansu daga ƙasar Japan. A yau waɗansu daga cikin akwatunan nan suna jibge a bayan shaguna, ƙura ta rufe su. In ka tambayi mai shi, sau da yawa amsar ɗaya ce: hoto yana fitowa, sauti yana tashi, amma an danna maɓalli an juya sanda, shiru. Daga nan sai a kira 'yan gwangwan su kwashe a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba.

Mai karatu, wannan hasara ce. An daina ƙera irin gilashin da ke cikin akwatunan, kuma masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka suna nemansu. Ciwon maɓalli kuwa shi ne mafi sauƙin magani, domin galibi laifin yana cikin waya ko ɗan makunnin da kuɗinsa bai kai na abincin rana ba.

Gargaɗi tukuna

Kafin a buɗe bayan akwati, a zare wayarsa daga bango. Gilashin talabijin ɗin yana aiki da wutar da ta kai bolt dubu 20 ko fiye, kuma yana iya riƙe ta bayan an kashe na'ura. Kada hannu ko sukundireba ya kusanci jar wayar nan mai kauri da ke manne a bayan gilashin da faifan roba. Aikin maɓalli ba ya bukatar a je wurin. Ta ƙofar kuɗi ake miƙa hannu a ɓalle maƙatan da ke riƙe da teburin maɓallan, sai a ɗaga shi. Haka kuma a tuna akwatin da aka yi don Japan wutar bolt 100 yake sha, na Amurka kimanin 120, tamu kuwa 220 zuwa 230 ce. In ba a tabbata akwai taransifoma mai rage wuta ba, kada a jona.

Yadda maɓalli yake magana da allo

A ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan makunni. Sandar juyawa kuma tana da guda huɗu: sama, ƙasa, hagu da dama. Kowane makunni wayoyi biyu yake ɗauka. Ɗaya tasa ce shi kaɗai, tana tafiya zuwa allon lantarkin da wasan yake ciki. Ɗayar, wadda galibi baƙa ce, ita masu gyara ke kira wayar ƙasa, kuma tana tsallakawa daga wannan makunni zuwa na gaba kamar igiyar da aka ɗaure awaki da yawa a kanta. Da ka danna maɓalli, sai wayoyin biyu su haɗu, allo ya gane an taɓa. Iyakar sirrin ke nan. Wanda ya fahimci wannan ya gama rabin gyara.

A ƙidaya waɗanda suka mutu

Yawancin allunan shekarun 1990 suna da shafin gwaji, wanda ake shiga da wani maɓalli a bayan ƙofar kuɗi ko da ƙananan makunnai a jikin allon. Shafin yana nuna kowane maɓalli yayin da aka danna shi. A ɗauki takarda a rubuta masu amsawa da marasa amsawa, domin yawansu da jerinsu su ne za su nuna inda ciwon yake.

In ɗaya ne tak ya mutu, a duba ko bakin wayarsa ya zame ko ya yi tsatsa. Sa'an nan a zare wayoyinsa biyu a haɗa bakinsu. Wutar wurin bolt 5 ce kawai, ba ta cutarwa. In ɗan wasan da ke gilashi ya motsa, makunnin ne ya lalace, sai a canja shi. Tsofaffin akwatuna na farkon shekarun 1980 suna da makunni mai siraran ƙarafa biyu a buɗe. Waɗannan a zura farar takarda tsakaninsu a ja don share datti, a ɗan lanƙwasa su su kusanci juna. Kada a sa musu takardar yashi.

In kuwa uku ko huɗu ne a jere suka mutu tare, da wuya a ce makunnai sun haɗa baki. Baƙar wayar ce ta tsinke, duk wanda ke bayan wurin tsinkewar ya rasa hanya. A bi ta daga maɓalli na ƙarshe mai aiki zuwa na farkon matattun. Mitar masu gyaran rediyo mai yin ƙara in waya tana da rai takan gano wurin cikin minti biyu.

In ɗan wasan yana tafiya ko duka shi kaɗai ba a taɓa komai ba, a duba ƙafafun makunnin. Uku ne, an rubuta musu COM da NO da NC. Baƙar waya a COM take, ɗayar a NO. Wanda ya sa ta a NC ya mai da maɓallin dannanne har abada.

Bakin allo

Tun daga tsakiyar shekarun 1980 ƙungiyar masu ƙera na'urorin wasa ta Japan, wato JAMMA, ta fitar da tsarin jona allo iri ɗaya: dogon soket mai haƙora 56, wato 28 a kowace fuska. Maɓallan ɗan wasa na farko suna fuska ɗaya, na biyu suna ɗayar. Saboda haka in gefen mutum ɗaya ya mutu gaba ɗaya, ko maɓallai suna yi suna ɗaukewa, a zare soket ɗin a dubi haƙoran allon. Ƙurar hunturu da laimar bakin teku duka suna sa su dusashe. A goge su a hankali da robar goge fensir, a bi da auduga mai ɗan sifirit, a bari su bushe, a mayar yadda aka same shi, kada a juya shi.

Abu biyu sukan ruɗa masu gyara a nan. Tsarin JAMMA maɓallai uku ya tanadar wa kowane ɗan wasa, Street Fighter II kuwa shida yake da su. Ukun naushi suna bi ta babban soket, ukun shuri kuma suna da tasu ƙaramar igiyar wayoyi dabam da ke shiga allon. In naushi yana yi shuri ba ya yi, ita za a nema. Na biyu, Pac-Man da tsaransa sun girmi wannan tsari, kowanne da nasa jerin haƙora. Wanda ya cusa irin wannan allo a soket ɗin JAMMA ba tare da mahaɗin da ya dace ba yana iya ƙona shi nan take.

Daga nan a auna wutar da ke isa allon. Ya kamata mita ta nuna bolt 5 ko sama da haka kaɗan. In ta gaza, akwai ɗan abin murzawa a jikin akwatin rarraba wuta. A murza shi kaɗan kaɗan ido yana kan mita, domin wuce gona da iri yana kashe allo.

Inda hannunka ya kamata ya tsaya

In an bi duk waɗannan, an kuma haɗa haƙorin maɓallin da na wayar ƙasa a bakin allon amma shiru, to ciwon yana cikin allon, galibi a ƙaramar aisi da ke karɓar saƙon maɓallai. Wannan aikin mai gyaran rediyo ne wanda hannunsa ya faɗa da liƙin dalma. A kai masa allon tare da takardar da aka rubuta sakamakon gwaji, kada ya yi ta cire kaya da ka.

Ga samarinmu na zango masu koyon gyaran waya da talabijin, akwatin nan makaranta ce a tsaye, domin wayoyinsa manya ne, ido yana ganin kowace daga inda ta fito zuwa inda ta nufa. Ga masu akwatunan kuma, sannu ba ta hana zuwa. Kafin a kira mai sikeli, a nemo mita da robar goge fensir, a fara daga maɓalli a bi waya har allo.