Ciwon daji da umarnin da ya gina mu tun muna ciki

Kowane ɗan Adam daga ƙwayar halitta guda ɗaya ya fara. Ta rabu biyu, biyun suka zama huɗu, har aka kai ga jikin baligi mai ƙwayoyi kusan tiriliyan 30. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne tsarin: me ke sa wannan ƙwaya ta zama ido, waccan ta zama ƙoda, kuma me ke tsayar da su idan aiki ya kammala?

Amsar tana cikin wasu ƙwayoyin gado, wato umarnin da ke rubuce a cikin DNA, waɗanda aikinsu shi ne tsara ɗan tayi. A 1980 Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus, da ke aiki a Jamus, suka fitar da sakamakon bincikensu kan ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace. Sun gano ƙwayoyin gado da ke shata jikin tsutsar ƙudan gaɓa-gaɓa, ciki har da wadda aka sa wa suna Hedgehog. Wannan aiki ya ba su lambar yabo ta Nobel a 1995, tare da Edward Lewis.

A 1982 kuma Roel Nusse da Harold Varmus a Amurka suka gano wata ƙwayar gado da ke haddasa sankarar mama a jikin ɓeraye. Bayan shekara biyar aka tabbatar ita ce dai ɗaya daga cikin masu tsara jikin ƙudan nan. Yau ana kiran danginta Wnt. Daga nan aka fara fahimtar cewa ciwon daji sau da yawa da kayan aikin ɗan tayi yake amfani, kamar maginin da aka gama gida amma ya ƙi sauka, yana ta ɗora bulo har ya toshe ƙofa da taga.

A babban hanji aka fi ganin wannan a fili. Fatar da ke shimfiɗe a cikin hanji takan sabunta cikin ƙasa da mako guda. A ƙasan wasu 'yan ramuka na bangon hanjin akwai ƙwayoyi iyaye da saƙon Wnt ke umarta su yi ta rabuwa. Sababbin suna hawa sama, saƙon ya yanke, su daina rabuwa, su yi aikinsu, su mutu su zube. Mai yanke saƙon ita ce ƙwayar gado da ake kira APC. Idan ta lalace, umarnin rabuwa ba ya tsayawa, sai ɗan tsiro ya fito a bangon hanji. Tsiron kan yi shekara goma ko fiye kafin ya rikiɗe ya zama sankara, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na sankarar babban hanji suna ɗauke da wannan lalacewa. Shi ya sa likita ke cire tsiron tun yana ƙarami idan ya gan shi da na'urar leƙa hanji.

Kada kalmar gado ta ruɗe mu. Yawancin irin wannan lalacewa a tsawon rayuwar mutum take faruwa, a cikin ƙwaya ɗaya; kaɗan ne ake gada daga iyaye.

Wannan ilimi ya kai ga magani ta wata hanya mai ban mamaki. A shekarun 1950 tumaki a jihar Idaho ta Amurka suka riƙa haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Aka bi diddigi, aka gano wani tsiro ne suke ci da ƙaramin ciki, kuma gubar da ke cikinsa tana toshe saƙon Hedgehog. Masana suka ce abin da ya iya tsayar da saƙon a ɗan tayi zai iya tsayar da shi a cikin ƙari. A 2012 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da vismodegib, wanda aka haɗa a ɗakin gwaji yana toshe wuri ɗaya da gubar, don wani nau'in sankarar fata da ya yi nisa. An haramta shi ga mai juna biyu, domin abin da ya sami 'ya'yan tumakin nan zai iya samun jaririnta.

Abin da ya fi damuna shi ne yara. Akwai sankarar ƙoda da ake kira Wilms, wadda ke tasowa daga ƙwayoyin da suka maƙale a matakin ɗan tayi ba su gama zama ƙoda ba. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma sau da yawa uwa ce ke fara jin dunƙule mai tauri a gefen cikin yaro lokacin wanka. Inda ake kai yara asibiti da wuri, kusan tara cikin goma suna warkewa. Iyaye, idan kun ji irin wannan dunƙule, ko da yaron yana wasa yana cin abinci, kada ku tsaya jiƙe-jiƙe. Ku kai shi asibiti a yi masa hoton ciki.