Yadda makaɗan Ayilan suka yi wa tsohuwar waƙa kiɗa ba tare da sun kashe ta ba

A ƙauyukan yammacin Ayilan, mawaƙi shi kaɗai yake rera tsofaffin waƙoƙi, babu ganga, babu amshi. Salon da suke kira sean-nós ke nan: yana jan murya inda ya ga dama, yana tsayawa inda numfashi da ma'ana suka tsayar da shi. Wannan 'yanci shi ne ran waƙar, kuma shi ke fara salwanta idan aka damƙa ta ga makaɗa shida ko bakwai, domin taron makaɗa na buƙatar bugu guda da kowa zai bi.

Seán Ó Riada, wanda aka haifa a 1931, ya tunkari wannan matsala. A 1959 ya tsara wa babbar ƙungiyar makaɗa karin waƙar Róisín Dubh don fim ɗin Mise Éire. A zahiri waƙar soyayya ce, amma jama'a sun daɗe suna ɗaukar budurwar cikinta a matsayin ƙasar Ayilan kanta. Bayan nan ya kafa ƙaramar ƙungiya, Ceoltóirí Chualann, mai goge irin na Turawa, da sarewa, da akodiyan, da algaitar da ake hura wa iska da zugazugi a ƙarƙashin hannu, da bodhrán, gangar fatar akuya mai kama da bandiri.

Ya ƙi tsarin makaɗan rawa na lokacin, inda kowa ke kaɗa abu guda daga farko har ƙarshe. A nasa tsarin, sarewa kan buɗe ita kaɗai, goge ya karɓa, sannan a haɗu. Amma irin wannan karɓa-karɓa ba ta tafiya sai makaɗi ya san kalmomin waƙar, domin su ne ke nuna masa inda zai ja da inda zai dakata.

A 1969 ƙungiyar ta yi wasa a zauren Gaiety da ke Dublin, kiɗan da birni ke rainawa ya hau babban dandali. Ó Riada ya rasu a 1971 yana da shekara 40. Mai busa masa algaita, Paddy Moloney, ya ɗauki wannan tsari zuwa ƙasashen duniya da ƙungiyarsa, The Chieftains.