Faifan da ke gaya mana lafiyar ruwa

Yau za mu ɗan yi nisa da gida, za mu je Amurka, wani wuri da ake kira Chesapeake, tsakanin jihohin Maryland da Virginia. Shi ne mahaɗar kogi da teku mafi girma a ƙasar, wato inda ruwan daɗi na koguna ke cakuɗuwa da ruwan gishiri. Kogin Susquehanna shi kaɗai ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga wurin.

To a irin wannan ruwa akwai wasu tsirrai ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin ɗaya-ɗaya sai da madubin likita. Masana na ce musu faitofilankton. Ku ɗauka dangin gansakuka ne, sai dai su yawo suke yi a cikin ruwa. Kada ku raina su fa: kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga irinsu ne na cikin teku take fitowa, kuma su ne abincin ƙananan halittun da kifi ke ci.

Matsalar tana zuwa ne idan suka yi yawa. Kun san takin NPK da muke zubawa a gona? Naitirojin da fosfaras ɗin da ke cikinsa, yadda suke sa masara ta yi kore shar, haka suke yi wa waɗannan tsirrai. Ruwan sama ya wanko taki daga gonaki, da kashin kaji daga manyan gidajen kiwo, da ƙazantar birane, duk su gangaro. Sai tsirran su hayayyafa, ruwa ya yi duhu, hasken rana ya kasa kaiwa ga ciyawar da ke ƙasan ruwa, wadda ita ce maɓoyar ƙaguwa da 'ya'yan kifi. Idan kuma tsirran suka mutu suka nutse, ƙwayoyin cuta masu ruɓar da su sai su shanye oksijin ɗin ƙasa. A lokacin zafi akan sami yanki guda a Chesapeake da kifi ba ya iya zama. Wanda ya iya gudu ya gudu, wanda bai iya ba ya shaƙe.

Yaya ake gane abin ya fara? Nan ne abin ya burge ni. Ɗaya daga cikin kayan aikin faifai ne kawai, mai faɗin kamar santimita 20, an yi masa fenti baƙi da fari, an ɗaura masa igiya mai alamar awo. Kana cikin kwale-kwale sai ka riƙa saukar da shi a hankali har ya ɓace wa ganinka, ka rubuta zurfin. Ka ɗago shi har ya sake bayyana, ka rubuta. Tsakiyar biyun shi ne awonka. Sunansa faifan Secchi, don wani limamin coci ne ɗan Italiya, masanin taurari, Angelo Secchi, ya fara gwada shi a tekun Bahar Rum a 1865. Babu batir, babu data.

Amma faifan ba ya faɗa maka dalili. Ruwa zai iya yin duhu saboda tsirran nan, zai iya yi saboda laka. A 1972 guguwar Agnes ta kwararo laka mai yawa cikin Chesapeake, ciyawar ƙasan ruwa ta sha wuya sosai. Shi ya sa ake ɗebo ruwan a kwalba a kai ɗakin gwaji a auna kulorofil, sinadarin da ke sa ganye kore. Idan yana da yawa, tsirrai ne. Idan kaɗan ne kuma ruwan na da duhu, a duba laka. Ana kuma amfani da tauraron ɗan'adam wajen kallon launin ruwan daga sama.

Ni a ganina, awo ɗaya ba komai ba ne. Yau iska ta kaɗa, gobe an yi ruwa, lamba ta canza. Abin da ke da nauyi shi ne wuri ɗaya, hanya ɗaya, shekara da shekaru. Tun 1983 jihohin yankin da gwamnatin tarayya suka kafa shirin haɗin gwiwa kan Chesapeake, kuma akwai 'yan sa-kai, ba masana ba, da ke fita da faifansu suna aika lambobi. Irin waɗannan bayanai ne suka ba hukumar kare muhalli ta ƙasar ƙafar tsayawa a 2010, lokacin da ta ƙayyade yawan naitirojin, fosfaras da lakar da aka yarda su shiga ruwan. Har yanzu ba a gama warkewa ba, amma ba wanda zai ce bai san inda ciwon yake ba.

Wani zai ce mu da ba mu da teku me ya shafe mu? Kogin Kaduna da na Sakkwato duk cikin Neja suke zuba, Neja kuma a Neja Delta take shiga teku. Wani ɓangare na takin da ruwan sama ya wanke daga gonar Zariya, hanyar da yake bi ke nan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.