Norman Lear: Marubucin da Ya Shigo da Rigimar Amurka Cikin Falo

A daren 12 ga Janairun 1971, kafin tashar talabijin ta CBS a Amurka ta saki wani sabon wasan barkwanci, sai da ta fara sanya gargaɗi a allo, ta kuma ƙara ma'aikatan amsa waya saboda ruwan zagin da take tsammani daga 'yan kallo. Sunan wasan All in the Family. Tun kafin nan tashar ABC ta biya kuɗin gwajinsa har sau biyu, ta kalla, ta ce ba da ita ba. Zagin bai zo kamar yadda aka zata ba, 'yan kallon ma da farko ja da baya suka yi. Amma kafin shekara ta zagayo wasan ya zama na ɗaya a ƙasar, ya kuma riƙe kambun shekara biyar a jere. Marubucinsa kuma furodusansa shi ne Norman Lear, wanda a lokacin ya doshi shekara hamsin.

An haifi Lear ranar 27 ga Yulin 1922 a garin New Haven, jihar Connecticut, a gidan Yahudawa masu ƙaramin ƙarfi. Yana ɗan shekara tara aka ɗaure mahaifinsa bisa laifin sayar da takardun jari na bogi. A wannan tsakanin ne kuma ya ci karo da wa'azin Charles Coughlin a rediyo, wani limamin coci da ya yi suna wajen zagin Yahudawa. Yaron ya tashi da sanin abu biyu: uban da kake ƙauna yana iya zama mai laifi, kuma ƙiyayya tana iya shigowa har ɗaki ta cikin akwatin rediyo. A 1942 ya bar kwalejin Emerson ta Boston ya shiga rundunar sojan sama, inda ya yi aikin sadarwa da harbi a jirgin yaƙi samfurin B-17, ya fita farmaki sau 52 a Turai.

Bayan yaƙi ya faɗa rubuta wa 'yan barkwanci abin da za su faɗa, ciki har da Dean Martin da Jerry Lewis. Daga baya shi da darakta Bud Yorkin suka kafa kamfanin Tandem. Wasannin barkwancin talabijin na wancan zamani ba ruwansu da abin da ke faruwa a titi. Ana yaƙin Biyetnam, baƙar fata na zanga-zangar neman 'yanci, an harbe Martin Luther King a 1968, amma matsalar da ta fi girma a allo ba ta wuce tukunya ta ƙone ga baƙo a hanya ba.

Lear ya aro tushen labarinsa daga wani wasan BBC, Till Death Us Do Part, na Johnny Speight, ya mayar da shi unguwar Queens ta New York. Maigidan shi ne Archie Bunker, lebura mai lodin kaya, wanda bakinsa ba ya raga wa baƙar fata, Yahudawa, baƙin haure ko mata masu neman haƙƙi. Surukinsa Mike, ɗalibi mai ra'ayin sauyi, a gidan yake zaune, yana cin abincin Archie yana musu da shi. Lear ya sha faɗa cewa da yawa daga cikin halayen Archie na mahaifinsa ne. Shi ya sa bai mayar da shi dodo ba. Ya bar shi mutum mai son iyalinsa, mai tsoron duniyar da ke sauyawa ba tare da ta nemi izininsa ba.

Kashin da aka nuna a Fabrairun 1972 ya isa misali. Archie yana taɓa tuƙin tasi don cike giɓin albashi, sai shahararren mawaƙi baƙar fata Sammy Davis Jr. ya manta jakarsa a motar, ya biyo ta har gida. Archie ya rasa inda zai sa kansa don murna, amma duk yabon da ya yi wa baƙon sai ya fito da wariya a ciki, shi kuwa bai ma sani ba. Sammy yana ta murmushi yana ba shi amsa mai harshen damo. Da aka zo ɗaukar hoto, ana ƙirga uku sai ya manna masa sumba a kumatu. Fuskar ɗan wasa Carroll O'Connor, mai fitowa a Archie, ta daskare, ɗakin ya ɓarke da dariya. Dariyar ta gaske ce, domin Lear a gaban 'yan kallo yake ɗaukar wasanninsa, kuma abin da bai ba su dariya ba marubuta su sake zama a kansa.

Daga nan ƙofa ta buɗe. Sanford and Son da Maude sun fito a 1972, Good Times a 1974, The Jeffersons a 1975. A zangon 1974 zuwa 1975, biyar daga cikin shirye-shirye goma da aka fi kallo a Amurka daga hannunsa suka fito. Waɗanda suka kalli NTA a shekarun 1980 za su tuna wasu daga cikinsu. Kusan kowanne sai da aka kai ruwa rana da masu tace shiri na tasha. A Nuwamban 1972 Maude, mace mai shekara 47, ta yanke shawarar zubar da ciki, wata biyu kafin Kotun Ƙolin ƙasar ta yi hukunci a kan batun. Wasu tashoshi suka ƙi nuna kashin. Shugaba Richard Nixon kansa an ji shi a faifan Fadar White House yana kukan All in the Family.

Sai dai dariya ba ta bin umarnin marubuci. A 1974 masana biyu, Neil Vidmar da Milton Rokeach, suka tambayi 'yan kallo a Amurka da Kanada, suka gano cewa masu ra'ayin wariya ba su ɗauki Archie abin dariya ba. Gwarzonsu ne, mai faɗin gaskiya, kuma a ganinsu shi ke cin nasara a musun. Tausayin da Lear ya nuna wa Archie, wanda shi ne ƙarfin wasan, shi ne kuma ya ba su mafaka.

Good Times ta zo da tata rigimar. Labarin iyalin baƙar fata ne a gidajen talakawa na Chicago, wanda Eric Monte da Mike Evans suka ƙirƙiro, amma yawancin marubutan fararen fata ne. John Amos da Esther Rolle, masu fitowa a uba da uwa, sun yi ƙorafin an mayar da babban ɗansu J.J. wawan sarki don a samu tafi. A 1976 aka sallami Amos, aka kashe uban a hatsarin mota cikin labarin; Rolle ma ta fice bayan shekara guda, kafin ta dawo a zangon ƙarshe. Monte kuwa har kotu ya kai ƙara a kan haƙƙinsa. Lear ya ce sukar da wasu 'yan ƙungiyar Black Panther suka kawo masa har ofis, cewa kullum a matalauta yake nuna baƙar fata, tana cikin abin da ya haifar da The Jeffersons, labarin George Jefferson, attajiri mai jerin shagunan wanki da guga. Wasan ya yi zango goma sha ɗaya.

A farkon shekarun 1980 ya kafa ƙungiyar People for the American Way don ƙalubalantar masu wa'azin talabijin da ke cakuɗa addini da siyasa. A 2000 shi da abokin haɗin gwiwa suka sayi ɗaya daga cikin bugun farko na takardar shelar 'yancin Amurka a kan sama da dala miliyan 8, ya zagaya da ita ƙasar don jama'a su gani. Ya ci lambar Emmy yana da shekara 97, ya sake ci yana da 98. Ya rasu ranar 5 ga Disamban 2023 a Los Angeles, yana da shekara 101.

Babu wanda zai iya rantsuwa cewa wasannin Lear sun rage wariya a Amurka, binciken 1974 ma ya isa ya sa a yi hattara da irin wannan da'awa. Abin da ya tabbatar ya fi wannan ƙanƙanta, amma ya fi shi ƙwari: miliyoyin mutanen da ba sa jituwa za su zauna minti talatin su saurari hujjar juna, muddin marubuci ya girmama su har ya ba su dariya. Bayansa, masu tashoshi ba su ƙara samun bakin cewa 'yan kallo ba za su iya ɗaukar magana mai nauyi ba.