Filin Manoma: Kabewar Da Aka Tsinke Ba Ta Ƙosa Ba

Ko wace shekara in ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, manomi ya kan rasa yadda zai yi da kabewarsa. An yanke gero, dabbobi sun fara shiga gonaki kiwo, ga yaɗo ya soma bushewa, amma 'ya'yan ba duka suka ƙosa ba. In ya bar su, shanu su tattake, ko kuwa gara ta ci su ta ƙasa. In ya tsinke ya zube a tsakar gida, bayan 'yan kwanaki sai ya tarar sun ruɓe. Saboda haka da yawa su kan kwashe su kai kasuwa lokacin da kowa ke da tasa, su sayar da arha, wahalar damina ta tashi a banza.

Alhali kuwa kabewa tana ci gaba da nuna ko bayan an raba ta da uwarta, in dai an san wadda za a ajiye da yadda za a ajiye ta.

Abu na fari shi ne zaɓe. Sai mutum ya danna ɓawon da farce. Wadda farce ya kasa shiga, mariƙinta kuma ya yi tauri kamar itace, wannan ta ƙosa. Wadda ta kai girmanta, launinta ya fara juyawa, ɓawon ya soma ƙarfi, ita ce za ta ƙarasa nuna a gida. Amma ƙaramar da farce ke hudawa nan da nan, ko an yi wata ana jira ba za ta nuna ba. Gara a sa ta a miya tun da wuri, ko a yanyanka ta sirara a shanya ta bushe.

Na biyu shi ne yanka. Kada a fizge ta da hannu. A sa wuƙa mai kaifi, a bar mariƙin ya kai kamar inci 3 ko 4, watau tsawon yatsa. Kuma kada a ɗauke ta ta wurin mariƙin nan, domin in ya ɓalle, to, an buɗe wa ruɓa ƙofa ke nan. Haka nan kada a jefa ta cikin mangala ko amalanke kamar dutse. Ƙujewar da ido bai gani ba yau, ita ce za ta yi funfuna gobe. In akwai laka a jikinta a share da busasshen tsumma.

Sa'an nan sai a shanya ta kwana 10 zuwa 14 a wuri mai ɗumi da iska. Zafin da ya fi dacewa shi ne digiri 27 zuwa 29 na ma'aunin Selsiyas. Ranar tsaka ta kaka ta kan wuce haka, har ta ƙona ɓawo, don haka a bar ta ta sha hantsi, in rana ta take a mai da ita ƙarƙashin rumfa. A riƙa juya gefen da ke kore wajen rana, da dare kuwa a kare ta daga raɓa. Cikin kwanakin nan ɓawo ke ƙara tauri, ƙananan raunuka su warke, ciki ya ƙara ja da zaƙi.

Bayan wannan sai ajiya. A nemi ɗakin da ya fi sanyi, wanda iska ke ratsawa, ba danshi. Kada a ɗora ta a ƙasa tsura. A shimfiɗa katako ko karan dawa, a jera ɗai ɗai, kada wata ta taɓa wata. Kada kuma a haɗa ta da nunanniyar ayaba ko tumatir, gama suna fid da wata iska da ke hanzarta lalacewarta. Ko wane mako a duba, saboda ɓera da ruɓa. Wadda ta fara taushi a fitar da ita a yi amfani da ita, kada ta shafa wa sauran.

Kabewar da aka yi wa haka ta kan kai wata 2 ko 3 lafiya lau, sanyin hunturu kuma yana taimakonta. Amma wadda ta nuna a gida ba ta kai wadda ta ƙosa a jikin yaɗo daɗewa, sai a fara ci da ita. Iri kuwa a ɗebe shi daga wadda ta ƙosa sosai.

To, ga riba biyu. In rani ya yi, kabewa ta yi wuya a kasuwa, mai ajiya shi ke yanka kuɗi. Iyali kuma ba su rasa miyar taushe ba, ga shi jan cikin nan yana ɗauke da sinadarin da ke kare ido daga dundumi. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa. Allah ya sa albarka a abin da aka noma, amin.