Wane abin sha ya dace da wane abinci?

Ranar Asabar na yi baƙi, miyata ta ji attaruhu, sai na kawo musu lemon kwalba. Kai, na ji kunya! Ashe lemo mai gas ba ya kwantar da raɗaɗin yaji sosai.

To ga yadda abin yake. Nama mai maiƙo, irin balangu ko tsire, yana son abu mai tsami da ɗan bauri ya wanke baki. Shi ya sa Faransawa ke haɗa jar giyar inabinsu da jan nama. Mu zobo ya ishe mu, ga araha, amma don Allah a rage sukari.

In yaji ne kuwa, a nemi kindirmo. Madara tana wanke man barkono daga harshe, ruwa ba ya iyawa.